Waƙar da Ke Tsauta wa Jama'ar Allah

Karatu: Maimaitawar Shari'a 31:16-22, Amos 5:21-24, Kolosiyawa 3:16

 

Yau za mu yi magana a kan waƙa. Mu mutane ne masu son waƙa ƙwarai. Ba a yin sujada a cikinmu sai an buɗe littafin waƙoƙi, ba a kuwa ɗaurin aure ko jana'iza sai zumuntar mata sun tashi da tulunsu da gangarsu. Mun saba da waƙar yabo da ta ta'aziyya, mun kuma saba da waƙar da ke kiran mai zunubi ya tuba. Amma akwai wata irin waƙa da ba mu cika marhabin da ita ba. Ita ce wadda ke juyowa ta dubi masu bi da kansu, da shugabanninsu, ta ce musu sun kauce hanya. Za mu fara neman asalinta cikin Maganar Allah. Sa'an nan mu ga yadda ta tashi a cikin ikkilisiyoyin bishara na ƙasar Amurka, da irin karɓar da aka yi mata, domin mu san abin da za mu yi ran da muka ji ta a bakin 'ya'yanmu.

Allah ne ya fara ba da ita

Sa'ad da kwanakin Musa suka kusa cika, Ubangiji ya faɗa masa abin da zai faru bayan rasuwarsa. Jama'a za su shiga ƙasar alkawari, su ci su ƙoshi, su yi ƙiba, sa'an nan su juya wa Allah baya. Mene ne maganin da Ubangiji ya bar musu? Ya umarci Musa ya rubuta waƙa ya koya musu, domin ta zama shaida a kansu. Waƙar tana nan a sura 32. Ku lura, ba a kan Masarawa aka yi ta ba, ba kuwa a kan Kan'aniyawa ba. A kan Isra'ila aka yi ta, a bakin Isra'ila kuma aka sa ta. Dalilin a fili yake cikin karatunmu: zuriyarsu ba za su manta da ita ba. Wa'azi yakan zube kafin mutum ya kai ƙofar gidansa, amma waƙa takan bi mace har bakin rijiya, ta bi manomi har ƙarshen kunya.

Annabi Ishaya ya bi wannan hanya a sura 5. Ya ta da murya kamar mai waƙar ƙauna, yana ba da labarin abokinsa da ya yi gonar inabi, ya yi mata dukan hidima, amma ta ba da 'ya'ya masu tsami. Masu ji suna kaɗa kai, suna tausaya wa mai gona. Sai a aya ta 7 suka gane ashe su ne gonar. Daga nan annabin ya shiga lissafa musu laifinsu, har da na masu haɗiye gidaje da gonakin maƙwabta, da na masu karɓar hanci su saki mai laifi.

Amos kuwa makiyayi ne daga Tekowa, ya yi annabci wajen shekara 750 kafin haihuwar Almasihu, a zamanin sarki Yerobowam na biyu. Lokaci ne na wadata, masujadar Betel cike take da hadayu da kaɗe-kaɗe. Amma Allah ya ƙi sauraron waƙoƙinsu, domin ana tattake matalauta a bakin ƙofar gari inda ake shari'a. Ku karanta sura 7 ku ga wanda ya tashi ya kori Amos. Amaziya ne, firist na Betel. Hujjarsa ita ce wurin masujadar sarki ce, ba a irin wannan magana a cikinta. Ga abin da ke faruwa idan bagade da gadon sarauta suka zama abu ɗaya: mai faɗin gaskiya ya zama baƙo a gidan Allah.

Kada wani ya ce wannan abin Tsohon Alkawari ne kaɗai. Manzo Bulus, sa'ad da yake rubuta wa Kolosiyawa a kan zabura da waƙoƙin ruhu, ya haɗa su da koyarwa da gargaɗi a tsakanin masu bi. Ashe gargaɗi yana cikin aikin waƙar ikkilisiya tun daga farko.

Su wane ne 'yan bishara na Amurka?

A Amurka akwai miliyoyin Kirista da ake kira Ebanjelikal, wato 'yan bishara. Abin da suka riƙe shi ne abin da mu ma muka riƙe: Littafi Mai Tsarki Maganar Allah ne, ceto ta wurin gicciyen Almasihu yake, dole a haifi mutum sabuwar haihuwa, dole kuma a kai bishara ga dukan duniya. Danginmu ne na kusa. Mutum uku na farko na mishan ɗin SIM da suka sauka Legas a 1893 daga Kanada da Amurka suka fito, haka ma waɗanda suka kafa aiki a Garkida a 1923 daga Amurka suka zo. Saboda haka ba labarin bare muke bayarwa ba.

Cikin ƙarni na 20 abubuwa biyu suka girma a tsakaninsu. Na ɗaya kasuwa ce. Suka kafa kamfanonin faifai na Kirista, da gidajen rediyo, da kantunan littattafai, cibiyar sana'ar kuwa ta zama birnin Nashville. Na biyu siyasa ce. Kotun Ƙolin ƙasar ta hana addu'ar da hukuma ke shiryawa a makarantun gwamnati a 1962, ta kuma halatta zubar da ciki a 1973, hukuncin da ya tsaya har 2022. Waɗannan abubuwa sun dami masu bi, suna kuwa da dalilin damuwa. A 1979 Fasto Jerry Falwell ya kafa ƙungiyar Moral Majority domin tattara ƙuri'un Kirista, tun daga zaɓen Ronald Reagan a 1980 kuma yawancin fararen 'yan bishara suka jingina ga jam'iyyar Republican. A zaɓen 2016 wajen kashi 80 cikin 100 na fararen 'yan bishara da suka jefa ƙuri'a Donald Trump suka zaɓa. Ba laifi ba ne Kirista ya yi zaɓe bisa ga lamirinsa. Abin da ya ta da hankalin waɗansu shi ne sunan Ebanjelikal ya soma zama sunan ɓangaren siyasa a kunnen jama'a, har wanda ya tsauta wa jam'iyya sai a ɗauka ya tsauta wa bishara.

Tun kafin wannan duka, akwai waƙar shaida a ƙasar. Bayi baƙar fata da aka kwaso daga Afirka sun karɓi bishara daga bakin iyayengijin da ke wa'azin biyayya da bulala a hannu. Su kuwa suka buɗe kunne ga labarin Musa da Fir'auna, suka mai da shi waƙa a gonakin auduga. Ubangidan da ke jin waƙar bai cika gane cewa shi ne Fir'aunan ba. A 1845 Baptis na kudancin ƙasar suka ware suka kafa tarayyarsu, a kan gardamar ko mai riƙe da bayi zai iya zama ɗan mishan. An soke bauta a 1865, amma sai a 1995, bayan shekara 150 da kafuwarta, wannan tarayya ta tsaya a fili ta nemi gafara. Waƙar bayi ta riga shugabannin ikkilisiya ganin gaskiya da nisa.

Larry Norman da Keith Green

A ƙarshen shekarun 1960 Ruhun Allah ya yi aiki a tsakanin samarin Kalifoniya, da yawa suka bar shaye-shaye suka bi Yesu, suka shigo da jitarsu da dogon gashinsu. Ɗaya daga cikin mawaƙansu shi ne Larry Norman, wanda aka haifa a 1947. A faifansa na 1972 ya yi wata waƙa da ta dubi ƙasarsa ido da ido. Ya ambaci kisan baƙar fata da masu lulluɓa da farin mayafi suke yi, ya ambaci yaƙin Biyetnam, ya kuma tambayi yadda ƙasar da ke kiran sunan Allah ta sami kuɗin aika mutum zuwa wata alhali akwai mayunwata. A ƙarshen waƙar Yesu ya nuna, bai nuna wata jam'iyya ba. Waɗansu masu wa'azi suka ce kiɗan Shaiɗan ne, gidajen rediyon duniya kuma suka ga sunan Yesu ya yi yawa a ciki. Norman ya rasu a 2008. Bayan rasuwarsa babban ɗakin karatu na majalisar Amurka ya sa wannan faifai cikin jerin waɗanda ƙasar ke adanawa saboda muhimmancinsu.

Keith Green kuwa ikkilisiya ya sa a gaba kai tsaye. An haife shi a 1953, shi da matarsa Melody suka ba da gaskiya a tsakiyar shekarun 1970, suka buɗe gidansu ga marasa galihu. A faifansa na 1978 ya kwatanta masu bi da mutanen da ke sharar barci ga haske ya kewaye su, duniya kuwa tana hallaka a ƙofarsu. Abin da ya fi damunsa shi ne cinikin bishara. Ya ga ana sa kuɗin shiga a taron waƙa, ana sayar da sunan Yesu a jikin kaya kamar kowace haja. Sai ya nemi kamfanin da ke buga masa faifai ya sake shi, suka jinginar da gidansu, a 1980 ya fitar da sabon faifai ya ce kowa ya biya abin da zai iya, marar kome ya karɓa kyauta. Kafin tsakiyar 1982 an aika da fiye da 200,000, wajen 61,000 daga ciki ba a biya ko kwabo ba. Ranar 28 ga Yuli, 1982, ya rasu cikin hatsarin ƙaramin jirgin sama a Teksas, tare da 'ya'yansa biyu da waɗansu mutum tara. Shekararsa 28 a duniya. Mutane da yawa sun ce harshensa ya yi kaifi, amma ba wanda ya iya cewa don cikinsa yake yi.

Waƙa ɗaya da jami'a ɗaya

Bari mu daɗe kaɗan a kan wani misali, domin yana nuna yadda irin wannan waƙa take aiki. A jihar Karolina ta Kudu akwai wata jami'ar Kirista mai suna Bob Jones, wadda ta horar da fastoci da 'yan mishan masu yawa. Har 1971 ba ta karɓar ɗalibi baƙar fata. Da ta soma karɓa, sai ta riƙe doka cewa ba neman aure tsakanin fari da baƙi, wanda ya karya kuwa a kore shi. Shugabanninta suka ce daga Littafi Mai Tsarki suka samo dokar. Hukumar haraji ta janye mata rangwamen da ake yi wa makarantun addini, magana ta kai Kotun Ƙoli, a 1983 alƙalai 8 cikin 9 suka goyi bayan hukuma. Jami'ar ta zaɓi ta biya haraji da ta soke dokar.

A 1984 wani saurayi ɗan fasto daga Kolorado, Steve Taylor, ya fitar da faifai a kamfanin Kirista, a ciki akwai waƙa a kan wannan doka. Makaminsa zambo ne da gatse, irin wanda ke sa mutum dariya kafin ya ji zafin. Samarin ikkilisiyoyi suka haddace ta. Abin da ya faɗa bai wuce abin da Galatiyawa 3:28 da Ayyukan Manzanni 17:26 suka koyar ba, cewa asalin 'yan adam ɗaya ne, cikin Almasihu kuma an rushe katangar da ke tsakani. Amma da yawa cikin manyan da suka san waɗannan ayoyi sun yi shiru, domin ba sa son ɓata zumunci. Jami'ar ta soke dokar a shekara ta 2000, bayan ziyarar ɗan takara George W. Bush ta jawo mata surutu a duk ƙasar. A 2008 ta fito ta nemi gafara, ta yarda cewa al'adar wurin ta bi, ba Maganar Allah ba. Shekara 24 ke tsakanin waƙar da neman gafarar.

Shi wannan Taylor ya kuma ɗanɗana haɗarin gatse. A shekarun 1980 waɗansu masu ƙin zubar da ciki suka soma sa wuta da bam a asibitocin da ake yin haka. Taylor da kansa yana ƙin zubar da ciki, amma a 1987 ya yi waƙa da bakin wani mai sayar da kayan sanyi na yara, wanda ya tarwatsa asibiti don kada masu saye su ragu masa. Nufinsa ya nuna wautar mai yin mugunta da sunan ceton rai. Waɗansu suka ɗauka yabon ta'asar yake yi, waɗansu kantunan Kirista suka sauke faifan daga kan kanta. Akwai darasi a nan ga mawaƙa. Gatse wuƙa ce mai baki biyu, wanda bai san hannunka ba yakan ɗauke shi a zahiri.

Daga Rich Mullins zuwa Lecrae

Rich Mullins, wanda ikkilisiyoyi a ƙasashe da yawa suke rera waƙarsa ta 1988 a kan girman Allah, da zamansa ya yi tsautawa fiye da bakinsa. Ya sa kuɗin waƙoƙinsa a hannun dattawa, suna biyansa albashin ma'aikaci na tsaka-tsaki, sauran a ba mabukata. A 1995 ya koma zama a yankin ƙabilar Nabaho, cikin 'yan asalin ƙasar da aka ƙwace wa filaye, yana koya wa yara kiɗa, har ya rasu cikin hatsarin mota a 1997. Derek Webb kuma a 2003 ya ɗauko kwatancin annabi Yusha'u, ya kamanta kansa da ikkilisiya da matar da ta ci amanar mijinta, har waɗansu masu kanti suka ƙi sayar da faifan saboda nauyin kalmar. A 2005 ya yi waƙa cewa biyayyar Kirista ta fari ga Sarki Yesu take, tuta da jam'iyya suna baya.

Misali mafi kusa da zamaninmu shi ne Lecrae, baƙar fata mawaƙin gambara, haifaffen 1979. Fararen ikkilisiyoyi sun rungume shi, suna gayyatarsa manyan tarurruka, domin yana zuba koyarwar tauhidi cikin kiɗan da samari ke so. A 2014 faifansa ya hau kan gaba a cinikin faifai na dukan Amurka. A wannan shekara ce ɗan sanda ya harbe wani saurayi baƙar fata a garin Ferguson, Lecrae kuwa ya soma magana a kan yadda ake zubar da jinin mutanensa. Ranar 4 ga Yuli, 2016, ranar bikin 'yancin ƙasar, ya sa hoton bayi a gonar auduga a intanet, yana tuna wa mutane halin da kakanninsa suke ciki sa'ad da aka yi shelar 'yancin a 1776. Nan take waɗanda suka yi ta tafa masa suka ce ya bar bishara ya shiga siyasa. Masu zuwa taronsa suka ragu. A 2017 ya faɗa cikin waƙa da hira cewa ya raba gari da al'adar fararen 'yan bishara, amma bai rabu da Almasihu ba. Waɗansu shugabanni, kamar Fasto John Piper, suka ce ya kamata a saurare shi. Ku lura da abin da ya faru: muddin yana waƙa a kan zunubin unguwarsu, mai bishara ne, ran da ya taɓa zunubin masu gayyatarsa, sai ya zama ɗan siyasa.

Me ya sa ake toshe bakinsu?

Amsar ba ta da wuya ga wanda ya san zaman mawaƙin fada. Ubangidan da ya ba ka riga da doki ba ka yi masa zambo. Mawaƙin Kirista a Amurka abincinsa yana hannun mutanen da zai tsauta wa. Gidan rediyon Kirista da gudummawar masu sauraro da kuɗin talla yake tafiya, saboda haka yakan zaɓi waƙar da ke kwantar da rai, ya guje wa wadda za ta sa wani ya juya akwati. Mai kanti kuwa ƙorafin mutum kaɗan ya isa ya sa shi sauke faifai. Ba sai an kafa doka ba, tsoron asara ya isa. Manyan kantunan nan yanzu sun tafi. Kamfanin Family Christian ya rufe dukan kantunansa a 2017, LifeWay ma ya rufe nasa a 2019, intanet ta buɗe wa mawaƙa wata ƙofa. Amma taron intanet ma ubangida ne, yakan yi kyauta yau ya yi jifa gobe.

Yadda za mu gwada irin wannan waƙa

Ba kowace waƙar suka ce daga Allah take ba. 1 Tasalonikawa 5:19-21 ta hana mu danne aikin Ruhu, ta kuma umarce mu mu gwada kome. Ga ma'auni huɗu.

Na ɗaya, abin da waƙar ta faɗa gaskiya ne, Littafi Mai Tsarki kuma ya kira shi zunubi? Idan haka ne, kada irin kiɗan ko shekarun mawaƙin su zama mana mafaka. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Na biyu, mawaƙin yana tsaye a ciki ne ko a waje? Daniyel a sura 9 da Nehemiya a sura 1 sun sa kansu cikin masu laifi sa'ad da suke tuba domin jama'a. Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo, shi ne kuma ruwan ke zubar wa. Wanda ke jin daɗin tona asirin ikkilisiya ba ruhun annabawa ke gare shi ba.

Na uku, ɓangare ɗaya kaɗai yake gani? Waƙar da ke dukan jam'iyya ɗaya kullum tana shafa wa ɗaya mai, waƙar yaƙin neman zaɓe ce, ko da an cika ta da ayoyi. Amos ya tsauta wa Dimashƙu da Gaza, ya tsauta wa Yahuza ƙasarsa, ya tsauta wa Isra'ila.

Na huɗu, wa ke biyan kuɗin maganar? Green da Mullins sun yi asara saboda abin da suka faɗa. Akwai kuwa wanda suka ce sana'arsa, da ita yake cin abinci.

Sai mu ƙara da cewa waɗannan mawaƙa mutane ne masu rauni. Auren Norman ya mutu sau biyu, ya kuma yi rigima da abokan aikinsa. Webb ya faɗa a fili a 2017 cewa bangaskiyar da ya riƙe a dā ta rushe. Wannan gargaɗi ne ga duk mai tsautawa, gama laifi tudu ne, mutum yakan taka nasa ya hango na wani. Amma faɗuwar mawaƙi ba ta wanke wanda aka tsauta wa ba. Dawuda ya faɗi faɗuwa mai tsanani, ba mu kuwa yage Zabura ba.

Mu shafa wa gemunmu ruwa

Hausawa sun ce idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Mu tambayi kanmu. Sa'ad da zaɓe ya matso, ɗan takara ya shigo sujada da ambulan, wace kujera muke ba shi, wace kuma muke ba gwauruwar da ta zo da kwanon hatsi? Yakubu sura 2 ta riga ta yi maganar wannan. Ran ƙaddamar da asusun gini, mawaƙanmu Allah suke yabo ko mai bayarwa? Sa'ad da za a zaɓi dattijo ko a kawo sabon fasto, halinsa muke tambaya ko ƙabilarsa? Iyaye nawa ne suka hana aure tsakanin masu bi biyu don yare ya bambanta? Idan muka yi wa jami'ar nan ta Amurka dariya, mu tuna tasu katangar ta launin fata ce, tamu ta harshe ce. Idan wani saurayi a ƙungiyar mawaƙa ya shirya waƙa a kan waɗannan abubuwa, majalisar dattawa za ta ji shi, ko kuwa za a dakatar da shi saboda rashin ladabi?

Mun san abin da waɗansu za su ce. Za su ce ikkilisiya tana cikin tsanani, an kashe 'yan'uwanmu, an ƙone majami'u, yanzu ba lokacin tona asirin gida ba ne. Wannan magana tana da nauyi, ba mu raina hawayen kowa ba. Amma ku duba Wahayin Yahaya 2:12-17. A Birgamas an kashe Antifas saboda sunan Yesu, Ubangiji ya yabi ikkilisiyar don ba ta yi musunsa ba, duk da haka cikin wasiƙa ɗaya ya ce mata ta tuba daga abin da ta ƙyale a cikinta. Wanda ya zub da jininsa dominta shi ne ya tsauta mata. Manzo Bitrus ma masu shan wuya yake rubuta wa sa'ad da ya ce shari'a daga gidan Allah take farawa.

Saboda haka, ku fastoci da dattawa, idan waƙa ta soke ku, ku buɗe Littafi kafin ku kira taron horo. Ku mawaƙa da shugabannin zumuntar mata da na matasa, ku ci gaba da yabon Allah da ta'azantar da masu makoki, gama wannan shi ne yawancin aikinku. Amma idan Ubangiji ya sa muku nauyin gargaɗi, ku yi addu'a, ku tabbatar da maganar, ku nuna wa wani dattijo mai tsoron Allah, ku guji kama sunan mutum don wulakanci, sa'an nan ku rera da ladabi ba tare da tsoro ba. Mu jama'a kuma mu kiyayi halin da Ezekiyel 33:30-33 ta kwatanta, na mutanen da ke zuwa jin annabi kamar masu zuwa jin mai zaƙin murya, su yaba, su tashi, ba su aikata kome ba.

Bari mu yi addu'a.

Ya Ubanmu na sama, mun gode maka domin kyautar waƙa. Ka gafarta wa ikkilisiyarka inda ta fi jin tsoron masu mulki da masu dukiya fiye da tsoronka. Ka ba mawaƙanmu zuciya mai tsabta da harshe mai gaskiya, ka ba shugabanninmu kunnen ji. Ka tuna da 'yan'uwanmu na Amurka, fari da baƙi, ka haɗa su a gindin gicciye. Ka ta'azantar da dukan masu shan tsanani saboda sunanka. Mun roƙa cikin sunan Yesu Almasihu Mai Cetonmu. Amin.

Sai mun sake saduwa a shiri na gaba, in Ubangiji ya yarda. Ku zauna cikin salamarsa.